Baba Mai Gyaran Gem da Injin da Ba Shi da Ido

"Kuma ba faifai fa, Baba, ko guda ɗaya. Ba ido, ba abin da zai riƙa juyawa a ciki. Kai dai ka riƙe fad, abin dannawar nan, a hannu, ka kalli talabijin, shi ke nan."

Haka na yi ta zuba wata ranar Litinin, ina tsaye a bakin shagonsa a Sauka Kahuta, waya a hannu, ko gaisuwar kirki ban ƙarasa ba. Kwana uku na yi ina karance-karance a waya kan yadda ake tsammanin injinan gem, wato na wasan bidiyo, za su zama nan gaba. Kaina ya cika, kuma a gidanmu a Ketaren Gwari ba mai saurarona. Innata, da na buɗe baki sai ta tuna randa ba ruwa. To wa ya rage mini? Baba mai gyara.

Ba mahaifina ba ne, ba ma dangina ba. Dattijo ne da ya fito daga gidan manoman doya a wani ƙauye can bayan Gidan Kwano, ya shigo gari tun yana saurayi, ya fara da rediyo, ya koma bidiyo, ya ƙare a injin gem. Duk gidajen gem na unguwannin nan wurinsa suke kawo abin da ya lalace. Ni a bencinsa na fara ganin cikin inji, shi ne kuma ya raɗa mini suna Farfesa, don wai tambayata ta fi ƙarfin shekaruna.

Yadda yake aiki ne abin kallo. In aka kawo inji, ba ya fara kwancewa. Sai ya jona shi da wuta, ya sa faifai, ya kashe rediyo, ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Sannan ya kara kunnensa a jikin injin, ya rufe ido. Can sai ka ji ya ce, "Ido ne ya gaji." Ido shi ne ɗan gilashin nan da ke karanta faifai. Ko ya ce, "Fanka ce." Ko ya ɗago yana dariya ya ce wa mai injin, "Kyankyasai sun yi haya a ciki, ba ka karɓar kuɗin ɗaki ne?" A buɗe kuwa a tarar da su. Kuma saboda zafin garin nan, kusan duk injin da ya bi ta hannunsa sai ya huda masa gefe ya ɗaura masa fankar tsohuwar kwamfuta. Ni a lokacin gani nake wannan ɓata kyan inji ne kawai.

A bayan shagon akwai matattun injina, an jibge su har kusa da rufi. Daga nan yake ciro duk abin da zai sa wa mai sauran rai. Matarsa, wadda muke kira Mama, mai sayar da zoɓo da kunun aya a ƙofar shagon, maƙabarta take kiran wurin. Akwai kuma wani gwangwanin madara da yake tara idanu a ciki, kowanne naɗe da takarda. Wannan gwangwanin ba mai taɓa shi sai shi.

Ranar yana riƙe da ƙarfen narka dalma, ni kuma ina ta bayani. Na ce masa aikin da injin yake yi a gabanka, na zana fili da 'yan wasa da inuwarsu, duk za a kwashe shi a kai wa wasu manyan kwamfutoci da ke jere a wani gini can wata ƙasa. Gajimare suke ce wa tsarin, ba don yana sama ba, sai don ba ka ganin inda yake. Kai in ka danna fad, saƙon ya tafi ta intanet, su yi lissafin, su turo maka hoto. Injin gida zai zama ɗan ƙarami, ƙila kamar kwalin ashana, ƙila ma wayarka ta isa. Na ƙara da nawa hasashen, wanda ba a ko'ina na karanta ba: ni ina ganin za a riƙa sayar da gindin injin ne, sannan kowa ya riƙa jona masa ƙari gwargwadon buƙatarsa, kamar mutum ya gina ɗaki ɗaya, in ya samu hali ya ƙara wani. Wannan ya jona abin ƙara ƙarfi, wancan gilashin da ake sawa a fuska, wani kuma abin da zai riƙe wasan in sabis ya gudu.

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "To in ya lalace, wa zai gyara?"

Wallahi da murna na ba shi amsa. Na ce, "Ai daɗin abin ke nan. Can za su gyara abinsu, ba ma za ka sani ba. Ba sauran kai inji wurin mai gyara."

Ya ce, "To."

Ya ci gaba da narka dalmarsa. Na sha zoɓo, na kama hanyar gida, ina jin yau dai na samu wanda ya fahimce ni.

Ranar Laraba ina wucewa Mama ta yafito ni. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Farfesa, zo nan. Me ka gaya wa baban yara?"

Na ce hira kawai muka yi.

"Hira. To hirarka ta kira ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Asabar zai zo ya kwashe maƙabartar nan duka, har gwangwanin idanun. Ya aika wa ƙaninsa wai a ware masa gona, zai koma kafin ruwa ya sauka." Ta rufe kular zoɓon da ƙarfi. "Mutumin da sai an riƙe masa mashin kafin ya ɗaga ƙafa ya hau, shi ne zai je ya yi tulin doya? Gwiwar da ke gare shi ce zai kai gona?"

Nan ta gaya mini abin da idona bai gani ba, ko da yake kullum ina wurin. Aiki ya daɗe da yin baya. Samari sun koma wasa a waya, gidajen gem biyu da yake yi wa gyara sun zama shagon caji. Wata rana tun safe har yamma ba wanda zai kawo ko fad. Dama zuciyarsa tana rawa, ƙaninsa kuma yana ta kira. Ni kuma na zo da murnata na gaya masa abin da yake tsoron ji. In aka kwashe matattun injinan nan, ko ya so dawowa ba abin da zai yi aiki da shi.

Na shiga ciki. Na ce, "Baba, maganar nan ta ranar Litinin fa, ba yanzu ba ne. Ba ma a nan ba ne. Na gwada a ɗakinmu, hoto ɗaya ya fito ya daskare. Wannan abin ba zai yi aiki a Minna ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗakinku da ko kira sai ka fito bakin rijiya?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Ka taɓa ganin na ce inji ya mutu ban gwada shi a soket mai kyau ba? Kai ni inda sabis yake da ƙarfi. In gani da idona."

Haka aka yi muka hau bas ranar Alhamis zuwa Gidan Kwano. Yayata tana karatu a jami'ar da ke can, tana haya a wani gida a wajen makaranta, gefen gonaki, kuma tana da ɗan akwatin intanet da take aikin binciken kammala karatu da shi. Da ƙyar ta yarda, sai da na ce don Baba ne. A hanya Baba yana ta kallon gonaki ta taga. Ni kuwa addu'a nake a zuci, irin wadda ban taɓa yi ba: Allah Ka sa abin nan da nake ƙauna ya ba da kunya yau.

Mun tarar ba wuta, ɗakin kamar tanda. Sai Yaya ta shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro, ta kawo wa Baba ruwa, ta ajiye akwatin a kan bulo.

Ta ce, "Baba, kai ma ka biye wa wannan? Tun yana ƙarami haka yake, rediyon babanmu biyu ya kashe."

Baba ya ce, "Na sani, 'yata. Wurina aka kawo su."

Na buɗe wani gwajin wasan gajimare na kyauta da na sha wahala kafin na samu ya yarda da ni. Na jona fad da wayata da igiya, na jingina wayar da kwanon sha. Wasan ƙwallo ne, irin wanda sai babban inji ke iya ɗauka. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a fuskar wayar, ina cewa a raina, yi ta juyawa, kada ka tsaya.

Ya tsaya. Fili ya fito kore shar, 'yan kallo suna motsi, har inuwar tsuntsu ta gilma. A wayata, wadda gilashinta ya tsage a kusurwa. Na danna, ɗan wasa ya ruga. Akwai ɗan jinkiri, kaɗan ne, sai mai lura. Abin da na yi kwana da kwanaki ina mafarkin gani ke nan, ga shi a gabana, ni kuma ji nake kamar in yi kuka.

Baba ya miƙo hannu. "Ba ni."

Ashe ya iya. Shekara da shekaru yana gwada injinan mutane, yatsunsa sun san hanya. Ya yanke mutum biyu, ya buga, ƙwallo ta shiga. Ya yi wata dariya har yana dukan cinya, Yaya tana tafa masa. Sai kuma ya ajiye fad ɗin, ya ɗaga hannu. Na san wannan hannun, na yi wa Yaya alama ta yi shiru. Ya rage ƙarar wayar gaba ɗaya, ya ɗauke ta da hannu biyu, ya kara ta a kunne, ya rufe ido.

Ya daɗe a haka. Ba abin da kake ji sai kurciya da wata babbar mota can a hanyar Bida.

Ya sauke wayar a hankali ya ce, "Ba kowa a ciki."

Ya mayar da ita jikin kwanon, ya ce in ci gaba da buga wasan, shi kallo zai yi. Na ci gaba, ba don ina so ba.

Ba a fi minti goma sha biyar ba sai hasken wayar ya rage da kansa. 'Yan wasa suka fara tafiya kamar masu ciwon ƙafa, hoto yana tsayawa yana tafiya. Zuciyata ta yi fari. Na ce, "Ka gani ko, Baba? Sabis ne. Na gaya maka ba zai yi ba."

Yaya ta leƙa akwatinta ta ce, "Kada ka yi wa sabis ɗina ƙarya, ga shi nan a cike."

Baba bai kula mu ba. Ya sa bayan hannunsa a bayan wayar, yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta. Ya janye da sauri. Ya ɓare robar da na sa mata, ya ce wa Yaya, "'Yata, ara mini mafici da murfin tukunya." Ya ɗora wayar a kan murfin, ya miƙo mini maficin. "Farfesa, yi aiki."

Na yi ta fifita waya a gindin mangwaro, ɗalibai suna wucewa suna kallona. Can sai haske ya dawo. 'Yan wasa suka miƙe da gudu kamar ba su ba.

Ya ce, "Ba sabis ba ne. Zazzaɓi ne."

Ya gyara zama, ya fara yi mini tambayoyi, wannan karon yana kallon idona. Wancan ginin da manyan kwamfutocin suke, da sanyi a ciki? Na ce sosai ma, dole ne. Wuta fa, ana ɗaukewa? Na ce ba na jin ana ɗaukewa. Ya duba wayar, caji ya kusa ƙarewa. Ya ɗauki fad ɗin ya girgiza, ya matsa sandar hagu da babban yatsa, ya ce wannan ta fara ja gefe, kwana kaɗan ya rage mata.

"To," in ji shi, "su suna can da sanyinsu da wutarsu. Zafin nan fa, can za a aika shi su gyara?"

Na ce a'a.

"Cajin fa? Fad ɗin fa?"

Na ce duk a nan suke.

Muka yi wa Yaya sallama, muka hau bas. Sai da bas ta kusa shiga gari ya juyo ya ce, "Wannan maganar da ka yi ran nan, ta ƙarin da ake jonawa. Sake faɗa mini." Ni da na ɗauka bai ma ji ba. Na sake zayyana masa, amma a hankali, ina gaya masa wanne ne na karanta, wanne ne nawa tunanin. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Hm. Ni da nake ɗaura wa inji fanka kana cewa na ɓata masa fuska." Ya sauka a Sauka Kahuta bai gaya mini abin da ya yanke ba.

Juma'a bayan na taso daga masallaci na biya. Ƙofar shagon a rufe rabi, ana jin ƙwanƙwasa daga ciki. Mama ta ce tun safe yake ciki, ya ce kada a bar kowa ya shiga, "musamman masu digirin waya."

Asabar da hantsi na iso na tarar da abin da nake tsoro. Ɗan gwangwan ya zo da kura da buhuna, injinan duk an fito da su waje, bayan shagon wayam. Na tsaya daga nesa.

Sai na ji ɗan gwangwan yana ƙorafi. Ya ɗaga inji ɗaya yana jijjiga shi. "Haba Baba, wannan ai kwanso ne. Ka cinye naman ka bar mini ƙashi."

"Ƙashin ka ce kana saye. Ko da nama muka yi da kai?"

Na matso na leƙa cikin shagon. Bahon wankin Mama cike da fankoki, ƙanana da manya. Igiyoyi a naɗe an rataye su a ƙusa. Wani kwali cike da robobi da sandunan fad. Ashe aikin da ya wuni yana yi jiya ke nan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cire abin da yake so.

Gwangwanin madarar ne ya rage a kan benci. Ya ɗauke shi, ya buɗe, ya tsaya yana kallo. Ya zaɓi kaɗan, cikin tafin hannu ɗaya, ya zuba a aljihun riga, ya ce akwai masu tsofaffin injina da ba za su rabu da su ba sai mutuwa. Sauran ya juye su a buhun ɗan gwangwan da hannunsa. Bai kalli buhun ba bayan nan. Ya miƙa wa Mama gwangwanin ya ce ta zuba sukari.

Na ce, "Baba, gonar fa?"

"Na aika wa ƙanina. Na ce zan zo cin sabuwar doya."

Mama ta ciro zoɓo mai sanyi ta dangwara mini a hannu. Ta ce, "Daga yau, duk abin da ka karanto a wayar nan, ni za ka fara gaya wa. In na tace, sai ka shiga ciki." Ta kuma ce a dawo mata da bahonta kafin Lahadi, tana da wankin kayan coci.

Bayan kamar sati biyu ya kira ni in ga abin da ya haɗa. Ya yanko roba daga fasasshen bokiti, ya lanƙwasa ta da zafi ta zama mazaunin waya. A baya ya ɗaura fanka, a ƙasa batirin tsohuwar kwamfuta, ya ɗaure komai da robar tayar keke. Muni kam ba a magana. Ga shi yana wata ƙara kamar sauro ya shiga gwangwani. Na ce masa sai an rage ƙarar nan. Ya kara shi a kunne, ya rufe ido, ya ce a bar ta haka, ta nan zai san lafiyarsa.

Yaya ce ta karɓi na farko, ba ma don gem ba, don wayarta na zafi in tana darasi ta bidiyo. Maƙwabtanta suka gani suka fara aikowa. Ba zan ce muku aiki ya dawo kamar da ba, bai dawo ba. Akwai ranakun da har yanzu yake wuni yana jin rediyo. Amma shagon a buɗe yake, kuma yanzu shi ke tare ni da tambaya: wai in injinan nan masu ƙari suka fito, ramin jonawar iri ɗaya za su yi, ko kowa da nasa? Na ce ban sani ba. Ya ce in kowa da nasa ne, to akwai aiki.

Ni dai har yau ina nan kan bakana, ina ganin injin gobe ƙarami ne, ƙarfinsa a nesa, kuma jone-jone ne za su raba na wani da na wani. Ina ɗokin ganinsa. Sai dai na daina cewa ba sauran mai gyara.

Ku fa, a unguwarku akwai mai gyaran da yake jin ciwon inji da kunne? Yana nan, ko ya rufe? In kuma kun taɓa gwada irin wannan wasan ta intanet a garinku, ku gaya mini yadda ta kaya, minti nawa wayar ta yi kafin ta ɗau zafi, da abin da kuka fifita ta da shi. Baba ya ce in tambaye ku.